Wata bakwai ina shan Clomid, shiru: wane maganin haihuwa ne ya fi ƙarfi?

"Assalamu alaikum, Anti. Daga Garwa, a arewacin Kamaru, nake rubuto miki. Shekarata 28, aurena shekara biyar, ban taɓa samun ciki ba, ko ɓari ban taɓa yi ba. Tun ina budurwa al'adata ba ta da tsari. Sai in yi wata biyu ko uku ban ga jini ba, in fara murna, in yi gwaji a ce babu komai. Bayan aure na ƙara ƙiba, gashi ya fito mini a haɓa, bayan wuyana ya yi baƙi, ko na dirje ba ya fita. Bara wata ƙawata ta ce in sha Clomid, da shi ta samu nata. Na saya a wurin mai magani a kasuwa, na sha wata bakwai. In jini ya zo in sha, in bai zo ba ma in sha a farkon wata, daga baya na mayar da shi biyu-biyu. Shiru. A watan ƙarshe idona ya riƙa yin walƙiya, ina gani dishi-dishi. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce in nemi letrozole, amma da na karanta takardar cikin kwalin sai na ga maganin kansar mama ne, na tsorata. 'Yar gwaggona a Yawunde allura aka yi mata, ta haifi tagwaye. Maigidana direban babbar mota ne tsakanin Ngaundare da Jamena. Yana da 'ya ɗaya da matarsa ta fari, shekara tara ke nan, don haka ya ce lafiyarsa ƙalau, ba ya zuwa wani gwaji. Hajiyarsa ta fara zancen ƙarin aure. Na kusa kwasar adashe. Don Allah ki gaya mini wanne ya fi ƙarfi a cikin magungunan nan, in saya."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yaye miki wannan damuwa, ya ba ki masu albarka. Jiran shekara biyar ba wasa ba ne, balle irin naki, inda jikin da kansa yake sa miki rai: wata ya wuce, na biyu ya wuce, sannan abin gwaji ya nuna layi ɗaya. Na ji nauyin da ke cikin wasiƙarki, kuma zan yi miki bayani dalla-dalla. Amma akwai abin da nake so ki yi tun yau: ki ajiye Clomid ɗin nan, kada ki ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya. Walƙiya da dishi-dishin da kika gani alama ce da masu yin maganin da kansu suka rubuta cewa idan ta bayyana a daina, kuma kada a koma. Yawanci ido yana washewa cikin kwanaki ko 'yan makonni. In naki bai washe ba, ki je likitan ido ya duba. Duk likitan da za ki gani nan gaba kuma, ki gaya masa wannan tun bai ɗauki alƙalami ba. Ko ba don ido ba ma kin riga kin kai iyaka, domin ba a so mace ta wuce zagaye shida tana shan sa.

Abubuwan da kika lissafa, al'ada mai nisa, gashin haɓa, ƙarin ƙiba da baƙin wuya, sun yi kama ƙwarai da wata lalura da ta yawaita a tsakanin mata, wadda za ki ga an rubuta SOPK a takardar asibiti ta Faransanci, PCOS kuma a ta Ingilishi. Mai wannan lalura tana da ƙwai, sau da yawa ma fiye da na sauran mata, sai dai ƙwan yakan fara girma ya tsaya a hanya, bai nuna ba balle ya fita. In ƙwai bai fita ba, al'ada ba ta zuwa a kan lokaci. Baƙin wuyan nan kuwa ki daina wahalar da fatarki da soso, ba dauɗa ba ce. Alama ce cewa jiki yana fama da sarrafa suga, kuma yana da alaƙa da tsayuwar ƙwan. Likita ne zai tabbatar, bayan ya duba ki, ya yi miki hoton ciki da muke kira eko, ya auna jini. In hakan ta tabbata, ki kwantar da hankalinki, don a cikin dalilan jinkirin haihuwa wannan na daga cikin waɗanda suka fi jin magani.

Duk magungunan da kika ambata aiki ɗaya suke yi, wato su sa ƙwai ya nuna ya fita. Ciki kuwa kamar tukunya ce a kan murhu, duwatsu uku take bukata: ƙwan da ya fita, buɗaɗɗen bututun da zai bi zuwa mahaifa, da lafiyayyen maniyyi da zai tarye shi. Wata bakwai kina gyaran dutse ɗaya, ba wanda ya leƙa sauran biyun, kuma ba wanda ya duba ko shi ɗayan ma ya gyaru. Ban ga laifinki ba a nan, haka mata da yawa suke yi, don mai magani a kasuwa ba ya tambayar komai sai kuɗi. Ƙawarki ma alheri ta nufe ki da shi. Ita wataƙila sauran duwatsunta biyu lafiya suke, maganin ya dace da matsalarta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mu fara da wanda kika sani. Sunansa na asali clomiphene, Clomid sunan kasuwa ne, kuma tun 1967 aka amince da shi a Amurka, don haka likitoci sun san halinsa ciki da bai. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da ke aika sinadarin FSH zuwa ma'ajiyar ƙwai, shi ne mai umartar ƙwai ya girma. Ƙwaƙwalwa tana auna yawan sinadarin mata, estrojin, da ke cikin jini, ta ga ko za ta ƙara aike ko ta rage. Clomiphene yana rufe mata ido ne, ta ɗauka estrojin ya yi ƙasa, sai ta ƙara turo FSH. Ana farawa da miligiram 50, ƙwaya ɗaya a rana har kwana biyar, daga tsakanin rana ta 2 zuwa ta 5 da fara jini. In ƙwai bai fita ba, a wata na gaba likita ya ɗaga zuwa 100, iyaka 150. Ƙwai yakan fita kwana 5 zuwa 10 bayan ƙwayar ƙarshe. Yana da araha, yana samuwa ko'ina, kuma yana sa mafi yawan masu irin wannan lalura su fitar da ƙwai. Matsalarsa ita ce ba ƙwaƙwalwa kaɗai yake rufe wa ido ba. Mahaifa ma tana bukatar estrojin don shimfiɗarta ta yi kauri, bakin mahaifa kuma don ya fitar da ruwan nan mai yauƙi kamar farin ƙwai wanda maniyyi ke bi. Clomiphene yana daɗewa a jiki, har makonni, saboda haka a wasu mata ƙwai ya fita amma shimfiɗar ta yi siriri, ruwan ya bushe. Ƙara yawan ƙwayoyi, kamar yadda kika yi, yakan ƙara wannan illa. Ga jin zafi yana taso wa mutum kamar an buɗe tanda, ga ciwon kai da saurin fushi. Sannan a cikin masu samun ciki da shi, ƙasa kaɗan da ɗaya cikin goma tagwaye ne.

Akwai kuskure na biyu da ya fi damuna, shan sa a farkon wata ba tare da jini ya zo ba. Mace mai al'ada irin taki tana iya fitar da ƙwai ba zato, ta ɗauki ciki ba ta sani ba, ta ɗora magani a kai. Ƙa'ida ita ce kafin kowane zagaye a yi gwajin ciki. In babu ciki kuma jini ya ƙi zuwa, likita yakan ba da ƙwayar progesteron, wani sinadarin mata da jiki ke yi bayan ƙwai ya fita, ta kamar kwana goma, jini ya sauko 'yan kwanaki bayan an gama, daga nan a fara ƙirga. Wannan yana da wani amfanin ma, don barin mahaifa ta wuce wata uku ba ta zubar da shimfiɗarta ba, shekara da shekaru, ba shi da kyau ga lafiyarta.

Letrozole kuwa, gaskiya ne abin da kika karanta, don kansar mama aka ƙirƙiro shi, kuma abin da takardar kwalin za ta nuna ke nan. Ba ya jawo kansa, kuma ba irin magungunan nan ba ne masu zubar da gashi. Aikinsa shi ne ya rage yadda jiki ke yin estrojin. Mai kansar mama tana shan sa kullum tsawon shekaru, mai neman haihuwa kuwa kwana biyar kacal a wata. A cikin kwanakin nan biyar estrojin yana sauka, ƙwaƙwalwa ta ji, ta ƙara turo FSH. Bambancinsa da clomiphene shi ne ba ya daɗewa, cikin kamar kwana biyu rabinsa ya bar jiki. Kafin lokacin da mahaifa za ta bukaci estrojin ya yi, maganin ya tafi, shimfiɗa ta samu ta yi kauri. Kuma da yake bai rufe wa ƙwaƙwalwa ido ba, da zarar ƙwai ɗaya ya yi gaba takan rage aike, sauran su tsaya, shi ya sa yawanci ƙwai ɗaya ake samu.

An gwada su biyun kai da kai. A wani babban bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2014, an raba mata 750 masu wannan lalura gida biyu, aka bi su har zagaye biyar. A cikin masu shan letrozole, kashi 27.5 cikin ɗari sun haihu, a cikin masu clomiphene kashi 19.1. Tagwaye kuma sun fi ƙaranci a ɓangaren letrozole. Shi ya sa ƙa'idojin duniya na kula da wannan lalura, na 2018 da na 2023, suka sa letrozole a gaba. An taɓa tayar da maganar ko yana jawo wa jariri nakasa, amma binciken da ya biyo baya bai nuna ya fi clomiphene haɗari ba. Duk da haka shi ma ba a shan sa a kan ciki. Ki kuma dubi alƙaluman nan da idon basira: ko da maganin da ya fi, kusan mace ɗaya cikin huɗu ce ta rungumi jariri a zagaye biyar. In wata na farko ko na biyu ya wuce shiru, ba yana nufin maganin bai karɓe ki ba.

Ga yadda ake shan sa. Ranar da jini ya zubo sosai, ba ɗigo ba, ita ce rana ta 1. Ana farawa da miligiram 2.5 a rana, daga rana ta 3 zuwa ta 7. In jini ya zo miki Litinin, za ki fara Laraba ki gama Lahadi, a lokaci guda kowace rana. Masu jin jiri ko kasala da shi sukan fi son sha da dare. Wajen rana ta 11 zuwa ta 13 a yi eko. Abin da ake nema shi ne 'yar jakar ruwan da ƙwai ke girma a ciki ta doshi milimita 18 zuwa 22, shimfiɗar mahaifa kuma ta kai kamar milimita 7 ko fiye. In eko ya yi miki wuyar samu kowane wata, a yi shi aƙalla a zagayen farko da duk lokacin da aka ƙara magani, sannan a auna progesteron a jini mako guda kafin ranar da ake sa ran al'ada, wato wajen rana ta 21 ga mai kwana 28. Shi zai nuna ko ƙwai ya fita. In bai fita ba, likita ya ɗaga zuwa miligiram 5, daga nan 7.5. In ya fita, a tsaya a wannan ma'auni, ƙari ba ya ƙara komai. Abin gwajin fitsari na gane ranar fitar ƙwai da ake sayarwa a farmasi yakan yi wa masu irin lalurarki ƙarya, don sinadarin da yake aunawa dama a sama yake a jikinsu, saboda haka kada ki dogara da shi kaɗai.

Wataƙila likita ya haɗa miki da metformin, maganin ciwon suga, musamman ganin wuyanki da ƙibar. Kada ki ɗauka an ce kina da suga, ko da yake ya kamata a auna, da gwajin nan da ake ba mutum ruwan suga giram 75 ya sha a ɗebi jini bayan awa biyu. Metformin shi kaɗai ba shi da ƙarfi wajen kawo ciki. A wani bincike na 2007, kashi 7.2 cikin ɗari na masu shan sa shi kaɗai ne suka haihu, masu clomiphene kuwa kashi 22.5. Mataimaki ne. Ana farawa da miligiram 500 tare da abinci, a riƙa ƙarawa mako-mako har 1500 ko 2000 a rana. Wanda ya fara da yawa lokaci guda zai sha fama da tashin zuciya da gudawa har ya watsar. Rage nauyi ma yana cikin magani. In kina da kilo 80, sauke kilo 4 zuwa 8 kaɗai yana iya dawo wa wasu mata da fitar ƙwai, ya kuma sa maganin ya fi kamawa. A rage sugan shayi da na zoɓo, da lemon kwalba da soye-soye, a rage malmalar tuwo a ƙara ganye da wake da kifi, a yi tafiyar rabin awa da sassafe kafin ranar Garwa ta buɗe. Kuma ki guji magungunan ƙara ƙiba da gyaran jiki da ake tallatawa, ba a san abin da ke cikin da yawansu ba.

Sai allurar da aka yi wa 'yar gwaggonki. In ƙarfi ake nema, ita ce ta fi ƙarfi, kuma saboda ƙarfin nata ne ba na so ki kusance ta yanzu. Ƙwayoyin nan biyu lallashin ƙwaƙwalwa suke yi ta aiko da FSH. Allura kuwa FSH ɗin ne kansa, irin su Gonal-f da Menopur, ake zuba wa jiki kai tsaye, ba tare da birkin ƙwaƙwalwa ba. Mace mai SOPK tana da ƙananan ƙwai da yawa a jere suna jira, allura kaɗan ta wuce kima sai su tashi gaba ɗaya. Shi ya sa ake farawa da ɗan kaɗan, ma'auni 37.5 zuwa 75 a rana, a riƙa yin eko duk bayan kwana biyu ko uku, a ƙara a hankali. In an ga ƙwai fiye da biyu ko uku sun girma, a soke zagayen, a ce ma'aurata su ƙaurace wa juna a wannan watan, duk da kuɗin da aka kashe. In ɗaya ko biyu ne, a yi wata allurar ta hCG, wadda ke sa ƙwai ya fita bayan kamar awa 36. Ita wannan takan sa gwajin ciki ya nuna layi biyu na ƙarya har kusan mako biyu, mata da yawa sun yi kuka a kan haka.

Haɗarin allura iri biyu ne. Na farko, ma'ajiyar ƙwai ta kumbura, ruwa ya taru a ciki: ciki ya yi tsiri, amai, fitsari ya ragu, numfashi ya yi wuya, nauyi ya ƙaru da fiye da kilo ɗaya a rana. Wannan na kwanciya asibiti ne, yana iya kaiwa ga rasa rai. Na biyu, 'yan biyu da 'yan uku. A wani bincike na 2015 a kan ma'auratan da ba a gano dalilin jinkirinsu ba, kusan ɗaya cikin uku na cikin da aka samu ta allura na fiye da ɗa ɗaya ne. Na san bayan shekara biyar, tagwaye sun yi kama da biyan bashi. Amma cikin tagwaye yana zuwa da ƙarin haɗarin hawan jini, jijjiga, zubar jini da haihuwar bakwaini, kuma kwalbar renon bakwaini ba a kowane asibiti take ba a arewa. Allah ya raya na 'yar'uwarki, amma abin da za mu nema miki shi ne ɗa ɗaya lafiyayye a lokaci guda. Ƙari a kan haka, allurar tana da tsada ninkin-ba-ninkin, wasu nau'o'inta sai a firiji, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta. Wurinta shi ne bayan ƙwaya ta kasa, a hannun likitan mata mai na'urar eko a kusa. A wannan matakin akwai kuma wata 'yar tiyata ta kyamara da ake huda ma'ajiyar ƙwai a wurare kaɗan, wadda ke sa wasu su fara fitar da ƙwai da kansu.

Akwai matan da duk waɗannan ba nasu ba ne. Wadda sinadarin nono, prolaktin, ya yi mata yawa, har wani lokaci nono ya riƙa ɗiga ba ta shayarwa, maganinta cabergoline ne ko bromocriptine. Wadda matsalarta ta maƙogwaro ce, inda maƙoƙo ke fitowa, gyaran wannan ne zai daidaita al'adarta. Saboda haka a gwajin jininki a haɗa da prolaktin da FSH da TSH, wato gwajin maƙogwaron.

To, ga amsar tambayarki kai tsaye. In gwaji ya tabbatar da abin da nake zato, letrozole ne ya fi dacewa da ke, a hannun likita, da eko. Clomid ya fita daga lissafinki saboda ido. Allura ta jira.

Yanzu sauran duwatsun biyu. Bututun mahaifa ana duba su da wani hoto da ake kira HSG: a zuba ruwa na musamman ta bakin mahaifa a ɗauki hoto, bayan jini ya ɗauke, kafin lokacin fitar ƙwai, wajen rana ta 7 zuwa ta 10. Yana da ɗan ciwo kamar na mara, na 'yan mintuna, ana iya shan maganin ciwo kafin a je. A yankinmu toshewar bututu na cikin manyan dalilan rashin haihuwa, sanadin ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba. Akwai kuma tsargiya. In kin taso kina wanka ko wanki a Binuwai, ko wajen Lagdo ko Maga, ko kin taɓa fitsarin jini kina yarinya, ki gaya wa likita, don tsargiya tana taɓa mahaifa da bututunta, kuma tana da magani, praziquantel. In bututu ɗaya a buɗe yake, ana ci gaba da magani. In duka biyun sun toshe, ko buhun ƙwaya kika sha ba zai yi ba, sai tiyata ko dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar cikin mahaifa, wanda ake yi a Duwala da Yawunde. Gara ki san haka kuɗinki na hannunki.

Maganar maigida tana bukatar dabara. Ki fahimce shi tukuna. Namiji yakan ji kiran gwajin maniyyi kamar an taɓa mazantakarsa, kuma 'yar da yake da ita ta zame masa garkuwa. Amma shekara tara lokaci ne mai tsawo. Ciwon sanyi, kumburin jijiyoyin maraina, zazzaɓi mai zafi, doguwar zama a kan kujerar mota mai zafi, taba, tramol da wasu allurai na ƙarin ƙarfi duk suna rage ƙwayoyin haihuwa, mutum kuma yana jin kansa garau a shimfiɗa. A kusan rabin ma'auratan da ke jinkiri, akwai hannun ɓangaren namiji, shi kaɗai ko tare da na mace. Gwajinsa, wanda ake rubutawa spermogramme, ya fi naki sauƙi da araha, babu allura babu ciwo. Zai ƙaurace miki kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, ba a kwaroron roba ba don yana kashe ƙwayoyin, a kai cikin awa ɗaya. In yana jin nauyin yadda za a samo, ke matarsa kina iya taimaka masa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa iyakar ƙasa a miliyan 16 a kowace mililita. In sakamako ya zo ƙasa, a maimaita bayan wata uku kafin a yanke hukunci, don ƙwayoyin suna ɗaukar fiye da wata biyu kafin su ƙosa, zazzaɓin cizon sauro ɗaya ma yana iya ɓata sakamako.

Kada ki tayar da zancen ranar da ya dawo daga hanya a gajiye, kada kuma a gaban kowa. Ki fara da naki: "Alhaji, an gano abin da ake zato a jikina, kuma yana da magani, amma likita ya ce ba zai fara ba sai ya ga takardar mu biyu, don kada kuɗinmu ya tafi a banza." Ki roƙi likitan ya rubuta takardun biyu tare, in da hali ma shi ya yi masa bayani, maza sukan fi karɓa daga bakin likita. In ya cije, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri. Sannan aikinsa kansa yana cikin lissafi. Ƙwai ba ya wuce kwana ɗaya bayan ya fita, maniyyi kuwa yana iya jira har kwana biyar. Ana so ku riƙa kusantar juna duk bayan kwana ɗaya ko biyu daga rana ta 11 zuwa wajen ta 20. In a waɗannan kwanakin yana layin kwastan a Kusseri, an sha maganin watan a banza. Ranar da jini ya zo ki kira shi ku ƙirga tare, in ya san ba zai samu dawowa ba, ku bar wannan watan.

Hajiya kuwa jika take so, kuma tsoron da ke ranta bai rasa kama da naki ba. Ba sai an baje mata sakamakon gwaji ba. Ya isa ɗanta, ba ke ba, ya ce mata kuna ganin likita, a taya ku da addu'a. Ki ci gaba da kyautata mata yadda kika saba. Zancen ƙarin aure ba a hannunki yake ba, kuma kada tsoronsa ya tura ki ga allurar da ba a sa ido a kai ba. Abin da za ki iya roƙon maigida shi ne wata shida na magani a kan tsari, da gwajinsa a ciki. In matsalar ta shafe shi, amarya ma jiran za ta zo ta yi, gwajin nan amfanin kansa ne. Ki kuma samu mutum ɗaya, 'yar'uwa ko aminiya, da za ki riƙa sauke mata abin da ke ranki, don watannin magani suna da hawa da sauka.

Kuɗin adashen nan ki kashe su bi da bi: ganin likitan mata a babban asibiti nan Garwa, gwajin maigida, eko da gwajin jini, HSG, sannan magani. Letrozole ɗin ki saye shi a farmasi da takardar likita, in babu su yi miki oda. Na kasuwa da ya sha rana a kan tebur, ko na jabu, ba ki san abin da kike haɗiya ba. Ki tafi asibiti da kwalayen Clomid da kika sha, da ranakun al'adarki na watannin baya gwargwadon abin da kika tuna. Folic acid, mikrogiram 400 a rana, ki fara tun yanzu, yana kare ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri a makonnin farko, kafin ma mace ta san tana da ciki. In kin yi zagaye shida ƙwai yana fita ba ciki, kada a maimaita abu ɗaya, lokacin komawa a sake shawara ne.

Ranar da Allah ya sa kika ga layi biyu, ki je a yi eko wajen mako na 6 zuwa na 7, a tabbatar cikin yana cikin mahaifa, a kuma ga ko nawa ne. In kafin nan kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jini da jiri, ki tafi asibiti a wannan daren, kada ki jira safiya. Ki sake rubuto mini idan sakamakon gwajin ku biyu ya fito, mu duba mataki na gaba tare.